Ranar da Delbert Ya Kwashe Firjinsa

Delbert Novotny bai taɓa sayen abu guda ɗaya ba. Idan ƙanwata Thelma ta aike shi sabulu, da kwali yake dawowa. Idan ta ce gishiri ya ƙare, sai ya shigo da buhu a kafaɗa. Almubazzari ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A bakin titi yake sauke kayan daga mota, da rana tsaka, yana ɗaga wa duk mai wucewa hannu. Shekara arba'in da uku ina faɗa masa haka ido da ido, shi kuma yana dariya.

Makanike ne a sansanin sojan saman Amurka da ke bayan ƙauyenmu a Suffolk, a ƙasar Ingila. A wurin rawa ya haɗu da Thelma, suka yi aure a 1966. Sauran 'yan matan da suka auri sojojin nan bin mazansu suka yi. Thelma ta ce ba ta barin mahaifiyarmu, sai shi ya bar jiharsu Nebraska, ya ajiye kaki, ya kama aiki a garejin gyaran tarakta. Suka zauna a gida na huɗu a layinmu, ni da mijina muna na bakwai.

Abu ɗaya yake nema a wurinmu, kuma kowa ya sani: mutanen layin su shiga gidansa, su zauna, su ci abincinsa. Bai iya ɓoye wannan ba kamar yadda bai iya ɓoye sayayyarsa ba.

Shekara biyu da auren ya sayo firji a kantin sansanin. Ya fi ni tsawo, ƙofa biyu gare shi. Ya ƙi shiga ta ƙofar gida, sai da aka cire tagar kicin gaba ɗaya. Duk layin muna kallo ta bayan labule, ba wanda ya fito ya kama. Maƙwabciyarsu Misis Aldous ta ce wannan ba firji ba ne, akwatin binne saniya ne. Mu a lokacin abincin yau muke saya yau: madara kwalba ɗaya, man shanu ɗan yanki, naman da zai ishi tukunya guda. Mun taso da rabon abinci na bayan yaƙin duniya, har zaren ɗaure kaya ba ma yarwa. Idan sanyi ya yi, mutum ya ƙara riga. Idan rediyo ya lalace, a kai gyara, ko da sau biyar ne. Shi kuwa dumama gidansa yake har sai baƙo ya yi gumi, rediyo ya yi tari sau ɗaya ya sayo sabo, kuma da mota yake zuwa kantin da bai fi taku ɗari biyu ba. Ya saya wa Thelma injin busar da kaya. Ta ci gaba da shanya a igiya don kada a ce tana ji da kanta.

Sarauniya yake kirana, wai don yadda nake ɗaga hanci. Ni kuma Ba'amurke nake ce masa, kamar kowa.

"Sarauniya, shigo ki sha ruwa da ƙanƙara," haka zai ce idan na wuce.

"A garin da rana ke fitowa sau uku a shekara? Ajiye ƙanƙararka, Ba'amurke, ka aika wa 'yan uwanka."

"To shigo ki sha shayinki mai kama da ruwan wanki."

Kowane ƙarshen Nuwamba yakan yi bikin godiya irin na ƙasarsu. Talotalon da yake sayowa sai an raba shi biyu da zarto kafin ya shiga murhun Thelma. Ya bi gida-gida yana gayyata. Kowa ya yi godiya sosai, kowa ya samo uzuri. Ba ƙiyayya ba ce. A wurinmu mutum kan shekara talatin da maƙwabci bai san launin bangon falonsa ba, ana gaisawa ta kan shinge ana zancen ruwan sama, kuma duk ana ganin an zauna lafiya. Ban da haka, wanda ya ci naka dole ya kira ka ka ci nasa, mu kuwa ba mai teburin da zai tsaya kusa da na Delbert. Ni na je sau uku a duk shekarun nan. Duka ukun na faɗa masa abincin ya yi yawa, kuma ba a sa sukari a dankali. Thelma takan ce da ni in bar shi, wata rana za su zo. Ta yi ta faɗin haka har ta tsufa.

Thelma ta yi wata takwas da ciwon daji a ciki ba ta gaya wa kowa ba, don kada ta tayar wa mutane hankali. Haka aka rene mu. Da Delbert ya samu labari, sai ya yi abin da ya iya: ya sayo gado mai tashi da lantarki, da barguna shida, da injin matse 'ya'yan itace. Ba ta iya shan ko rabin kofi. Ta rasu a asibiti a watan Fabrairun 2009. 'Yarsu tilo, Joanne, tana aikin jinya a Kanada, ba ta samu isowa ba sai gab da jana'iza, jana'izar kuwa sai bayan kwana goma sha biyu.

Ni na dawo da shi gida daga asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa na ce idan yana bukatar wani abu ya san inda nake. Na tafi gidana na ja labule. Duk layin ma aka ja labule. Haka muke yi. Mai makoki a bar shi da baƙin cikinsa, kada a sa shi ya yi kuka a gaban mutane, kada a sa shi ɗora wa baƙi butar shayi. A rubuta kati, a zura ta tsagar wasiƙa da ke jikin ƙofa, a juya a hankali. Na yi haka wa mutane da yawa, aka yi mini haka lokacin da mijina ya rasu, kuma na ji daɗi da aka bar ni.

Ranar kwana tara na je don in zaɓi rigar da za a binne ta da ita. Na tarar ya jera kujeru goma sha biyu da ya aro a gareji, daga falo har zuwa kicin. A kan tebur akwai faranti tsibi guda, da cokula, da ƙaramin nadin takarda mai manne, da biro. Katuna ashirin da uku suna gefe, bai buɗe ko ɗaya ba. Na buɗe firji don in ɗauki madara. Ba komai a ciki. An wanke shi tas, fitilarsa tana haska katakai babu ko ƙwai.

Na tambaye shi ina abincin. Ya ce tun washegarin rasuwar ya kwashe ya kai wa masu raba wa mabukata a cikin gari, don a samu wuri. Na ce wurin me? Ya dube ni kamar ni ce baƙuwa. Ya ce a garinsu, idan an yi mutuwa, kafin rana ta faɗi maƙwabta sun fara shigowa, kowace mace da kwanon dafaffen abinci a hannu, maza su zauna tare da mai gida ko ba za a ce komai ba. Da mahaifinsa ya rasu, sai da mahaifiyarsa ta jera kwanuka a kan dusar ƙanƙara a baranda, don firji ya cika. Takardar mai manne kuwa ta rubuta sunan mai kwano ce a gindinsa, don a mayar wa kowa nasa. Ya ce kullum yana jin taku a kan tsakuwa, ya ji murfin tsagar wasiƙa ya motsa, kafin ya kai ƙofa har mutumin ya kai bakin shinge.

"Muriel," in ji shi. Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. "Na ɗauka ko don ita za su shigo. Me na yi musu?"

"Ba ka yi komai ba. Girmama ka ake yi. Ba ma so mu takura maka."

Ya daɗe yana kallon kujerun. Sannan ya ce, "To, na gode."

Hannuna biyu babu komai a cikinsu, ni da gawar ƙanwata ce a kwance. Shekara arba'in da uku ina lissafa abin da yake saya, ban taɓa tambayar wa yake saya wa ba.

Washegari na gasa nama da dankali na kai masa. Ya rubuta sunana ya manna a gindin kwanon, ya sa shi a katakon tsakiya na firjin. Ban taɓa ganin ƙaramin kwano kamar wannan ba. Na gaya wa Misis Aldous abin da na gani. Ta yi kuka, ta kwana tana jin kunya, ta gasa masa kek mai kyau. Ta ajiye a kan dakali, ta juya ba ta ƙwanƙwasa ba. Ruwan sama ya riga shi gani.

An cika coci ranar jana'iza, wannan kam ba zan rage mana ba. Aka sha shayi na awa ɗaya a zauren coci, kowa ya riƙe hannunsa ya ce Thelma mutuniyar kirki ce, aka watse.

Ana cewa hali zanen dutse ne. Ƙarya ne, na ga an goge shi. Bayan wata guda ya zare wa firjin wuta, ya sayi ɗan ƙarami irin namu. Ya koma zuwa kanti da ƙafa, da jakar Thelma, yana sayen madara kwalba ɗaya da ƙwai shida. Nuwamba ta zo ta wuce bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Idan na wuce sai ya gyaɗa kai ya ce da alama za a yi ruwa. Mutanen layin suka fara cewa Ba'amurke ya natsu, ya zama namu. Wannan yabon da ya yi shekaru yana jira, a haka ya same shi. Ni na riƙa zuwa duk Lahadi da kwano. Na roƙe shi ya kira ni Sarauniya, ya yi murmushi kawai.

Ya yi shekara bakwai a haka. A shekarar ƙarshe zuciyarsa ta gaza, Joanne ta ajiye aikinta ta dawo tana jinyarsa a gida. Mako guda kafin ya rasu ya sa ta goge tsohon firjin ta mayar masa da wuta. Ya yi ƙara kamar tarakta, amma ya tashi. Sannan ya aika a kira ni, ya sa na zauna kusa da gadon nan mai lantarki, ya ce saƙo ne zai ba ni zuwa ga duk layin, gida-gida, kuma kada in gyara masa magana.

"Ki ce musu ni na riga na saba. Amma Joanne rabin jininta nawa ne, kuma ita kaɗai za ta rage a gidan nan. Kada kowa ya zura mata kati. Su ƙwanƙwasa, su tsaya har ta buɗe. Su zo da abin da suka dafa, ko dankali ne da gishiri. Su shigo ciki su zauna."