Ranar da Malam Ya Tsallake Sunana

Ranar wata Juma'a ce, a daminar farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ina aji shida a firamarenmu ta Wara. Ruwan safe ya ɗauke, kwanon ajin yana ta ɗiga a bencin baya, mu kuwa duk mun ƙagara, don ran Juma'a Malam Bawa yake ba da littafi. Littafin labari ɗaya tak ajinmu ya mallaka, an yi masa bango da takardar buhun siminti, kuma bisa jerin rajista yake zagayawa, kowa ya yi kwana bakwai da shi. Na san makon nan nawa ne. Har hannu na wanke da toka don kada a ce na shafa masa ƙarnin kifi. Malam ya buɗe rajista, ya kai yatsa kan sunana, Hajo, da idona na gani. Sai ya ce, "Hassi, zo ki karɓa." Ko inda nake bai duba ba.

A lokacin ina hannun Goggo Kulu, yayar babana, saboda makaranta. Iyayena suna wata tungar masunta a ƙetaren ruwa, sai hutu ake sako ni a jirgi in je in ga Inna. Goggo kuwa ba ta san wasa ba. Kafin in tafi makaranta sai na cika randa daga gulbi, na share tsakar gida, na kai awaki turke. In na dawo ga surfe, ga korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ka bar tsintsiya a kwance ka sha ranƙwashi, ka daɗe wurin carafke ka tarar da tsumagiya tana jiranka bayan ƙofa. Kullum maganarta ɗaya ce: "Uwarki ba ta ba ni ke don in lalata ki ba."

Da farko Hassi na zarga. Na ce lallai ita ta kai ni gaba wurin Malam, wataƙila ta ce ina tauna gefen takarda, abin da kuwa nakan yi. Na tare ta a gindin mangwaro lokacin hutun ƙarfe tara, ta rantse har da hawaye ba ruwanta. Amma tana magana tana sunkuyar da kai, ta kuma tura mini rabin ƙosanta. Hassi fa, wadda ko ƙuli ba ta gutsura wa mutum. Wannan ƙosai ya fi tsallakewar Malam tayar mini da hankali. Na ce ba ƙosai nake so ba, littafi nake so. Ta ce Malam ya ja mata kunne kada ta ba ni. Sai da na yi alkawarin ɗauke mata sharar aji ta mako guda kafin ta zura mini shi cikin jaka.

A kan dakalin korar tsuntsaye na karanta shi, igiyar gwangwanaye a hannu ɗaya, littafi a cinya. Labarin wata yarinya ce mai kamar shekaruna wadda mahaifiyarta ta rasu. Ban yi mata kuka ba, gaskiya, haushinta ma na ji, don ta cika zama shiru a bakin rijiya. Abin da ya tsaya mini a rai wani shafi ne a tsakiya, inda take cewa tun da abin ya faru kowa ya daina yi mata faɗa. Ana fara zuba mata abinci, maƙwabta suna shafa kanta, ko ta yi ɓarna sai a ce ba komai. Na maimaita shafin nan ya fi sau biyar. Tsuntsaye suka sauka suka ci son ransu ban ja igiya ba.

Daga nan na fara lissafin gidanmu. Kwanakin baya Goggo ta yi tafiyar kwana uku, wai sarin albasa a Yelwa, ta dawo ba albasa ko ɗaya. Matan unguwa suna shigowa biyu-biyu, suna ganina sai su canza zance su koma kan tsadar manja. Ƙunshin warangi, ƙananan kifin nan da Inna take aiko mini duk ranar kasuwa, bai daina zuwa ba, amma gishirinsa ya yi yawa, Inna kuwa ba ta da nauyin hannu. Sai kuma babban: na yi ta tunani, na kasa tuna ranar da Goggo ta yi mini ranƙwashi na ƙarshe. Duk da haka na riƙa gaya wa kaina littafi ne ya sa mini waswasi. Tsoro ya hana ni tambaya, ai yaro ba ya tsare babba da irin wannan magana.

Sai na yanke shawarar in gwada ta. Goggo tana da wani tulu da ta gada wurin kakarmu, ba ta bari in ɗauke shi sai in sauran sun ƙare. Ranar Litinin da la'asar na ɗauke shi ba izini, na ciko shi a gulbi, na shigo tana zaune tana tsintar shinkafa. A gabanta, ido cikin ido, na sake shi. Ya tarwatse, ruwa ya bi ƙarƙashin tabarmarta. Na runtse ido, ina roƙon Allah a zuciyata in ji saukar tsumagiya. Wallahi ban taɓa kwaɗayin duka ba sai ranar.

"Ba komai, ɗiyata," in ji ta. "Ba ki ji ciwo ba dai?"

Na ce, "Goggo, don Allah ki dake ni."

Ta dube ni, ta ajiye faifan a hankali, ta jawo ni jikinta a kan jiƙaƙƙiyar tabarmar nan. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ta fashe da kuka. Cikin kukan ta gaya mini haihuwa ce ta zo wa Inna da gardama, kafin jirgi ya kai gaɓa rai ya yi halinsa. Babana ya ce a rufe mini sai na gama jarrabawar fita firamare, don burin Inna ke nan, shi ya sa har Malam aka je aka roƙa.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma labarin mutuwa ba ya jiran jirgi, kafin a yi wa mamaci wanka ya shiga wayar kowa. Ban riƙe Goggo a zuciya ba, ta rasu tana neman gafarata a kan abin da don ƙauna ta yi shi. Amma in irin wannan ta samu yarinya a ajina, nakan roƙi iyayen su gaya mata da bakinsu, kada su bar ta ta tsinto a fuskokin mutane. Washegari in ta makara, ina yi mata faɗa kamar kowa. Ni na san daɗin da yake yi mata.