Mahayan Jikin Ƙwarya

Kakata Delu ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an jiƙa tukunya. Lokacin ɗari, da an sallame isha'i, sai ta sa mu jawo karan hatsi daga bayan rumbu, ta hura wuta a tsakar gida, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Daga Birnin Lalle aka kawo ta Dakoro tun tana amarya, amma har ta tsufa in ta ce "gida", can take nufi. Mu jikoki mata muka fi yawa, kowace na ture ƴar'uwarta don ta samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ita kuwa tana ɓarar gujiya, ba ta ɗaga kai, sai mun yi tsit sannan ta ce, "To, ga wata nan tahe." Mu ce, "Ta iso, Kaka."

Akwai wata tatsuniyarta da ban so ba ina yarinya, don babu kura a ciki, babu aljani, babu waƙar da za mu amsa.

Wai a wani gari an yi wani mai zanen ƙwarya wanda kasuwa ta ƙi shi. Ya zana tsuntsaye, ba a saya ba. Ya zana taurari, ko tayi babu. Rannan sai ya ɗauki babbar ƙwarya, ya gasa wuƙarsa, ya zana gari ana cin sa da yaƙi: mahaya bisa raƙuma, rumbuna na ci da wuta, mata na gudu da goyo. Ya kai kasuwa ya ajiye. Nan da nan mutane suka yi masa dafifi.

Kaka ta iya canza murya. Sai ta kumbura wuya ta ce, "Wani ya ce, kai, wagga kuka awa ta bakin rijiyarmu!" Sannan ta siranta ta ce, "Wata ta ce, ku dubi rawunnan ga. Ba irin na mutanen da ka kawo muna nono da gishiri ba ne?"

Mai zane yana ji bai tanka ba, don ƙorensa sun fara tashi. Kafin kasuwa ta watse, labari ya zama an ga mahayan ido da ido. Washegari makiyayan da ke zaune bayan gari suka zo ba dabbobinsu ruwa, suka tarar an ɗauke guga, maza na tsaye da sanduna. Ba su yi faɗa ba. Sun naɗe tabarminsu, suka yi arewa. Yaƙi dai bai zo ba. Amma nono ya yanke, gishiri ya yi wuya, gonaki suka rasa taki, har garin ya rame.

"Shi ke nan?" in ji ni. "Mai ƙwaryar fa, ba a kama shi ba?"

"A kama shi kan mi? Shi ƙwarya ya saida." Ta kakkaɓe ɓawon gujiya cikin wuta. "Nan tawa ta tsaya. Ku tahi ku kwanta."

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni yanzu koyarwa nake a lakwal, makarantar bokon unguwarmu. Bara wani bidiyo ya shigo wayoyin gari: jirage bisa wani gari mai ginin ƙasa irin namu, sojoji baƙi na dira ɗauke da tuta kore da rawaya, mutane na gudu. An yanke ƙarshensa, wani ya ɗora muryarsa da Hausa yana cewa kusa da iyaka ne. Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta kira ɗiyarta da ke karatu Maradi ta ce ta hawo mota yanzu-yanzu. Maigidana ya ce ƙarya ce, amma na ga ya cika babur ɗinsa da esansi har baki.

Samarin da ke shan shayi a fada, majalisarsu ta bakin titi, su ne suka nemo cikakken bidiyon. Ashe tallar wasan waya ce, ƙasar da ta kawo yaƙin ma babu ita a duniya, ƙirƙirar ta aka yi. Wasu suka yi dariya, samarin har suna ɗokin wasan ya fito. Wani dattijo, Baba Isa, shi kuwa sai ya ƙara fusata. "Ke nan ƙone gari irin namu shi na wasansu?" in ji shi. Ban ga laifinsa ba.

Sai dai bayanin bai iso da wuri ba. A unguwarmu akwai wani tela, Kwami, mutumin ƙasashen bakin teku, ya yi shekaru cikinmu. Ɗiyarsa Afi a ajina take, Hausarta ta fi ta wasu ƴaƴanmu fita. A ƙofar shagonsa yana rataye da wani ƙyalle kore da rawaya na ƙungiyar ƙwallon garinsu. Wani ya nuna ƙyallen, wani ya ƙara da nasa. Mata suka shiga aikawa a karɓo musu atamfofinsu ba a yanka ba. Masu gaishe shi kullum suka riƙa wucewa suna harararsa. Afi ta daina zuwa lakwal.

Na ɗauki atamfar da na ajiye don salla na je shagonsa. Yana ganina ya miƙe.

"Madam, ke ma naki kika zo karɓa?"

"Awo na zo, Kwami. Ɗauko tef ɗinka."

Ya auna ni. Na zauna a bencin bakin ƙofa har la'asar, don masu wucewa su gani. Iyakar abin da na iya ke nan.

Abin ya lafa. Matan suka maido atamfofinsu suna dariya, wai ashe wasa ne. Ya karɓa, ya ɗinka musu. Amma da aka yi babban hutu sai ya tura matarsa da yara ƙasarsu, ba su dawo ba. Da na tambaye shi, bai ɗaga kai daga keken ba.

"Madam, na san wasa ne. Amma kallon da aka yi min rannan ba wasa ba ne."

Ina yarinya, so nake a hukunta mai ƙwarya, na ji haushin Kaka da ta bar shi ya tafi da ribarsa. Yanzu na gane abin da ya sa ba ta bi ta kansa ba. Waɗanda suka yi tallar nan ba su san akwai wani gari Dakoro ba, kuma gobe za su yi wata. Ba su suka karɓe atamfa daga hannun Kwami ba. Mu ne, mu da muka san sunan ƴaƴansa.