Mushe Ilu da Fitilar Rijiya

Ina wanke gero ƙanena Sanusi ya leƙo, ya ce, "Yaya, Mushe Ilu ya rasu, yanzu anka bugo daga Maradi." Na yi salati, na zauna bakin turmi. Hawaye bai zo ba sai daga baya. Abin da ya fara zuwa mini haushi ne, kuma har yau bai sake ni ba.

Mushe Ilu ne, kamar yadda muke kiran malaman boko, ya koya mana karatu a lakol, makarantar garinmu, ni da Sanusi. Mutum ne marar hayaniya, amma idan ya ga yaro ya leƙa rijiya, sai ya yar da kekensa a tsakiyar hanya ya sheƙo da gudu. Muna yi masa dariya, ba mu san dalili ba sai ranar da ya karanta mana ɗan littafin da ya rubuta don yara.

Labarin kakansa ne, zamanin aikin tilas, sa'ad da aka tara mutane haƙar rijiya a arewa da Dakoro. Al'adar mahaƙa ita ce, kafin mutum ya sauka, a ɗaura fitila a igiya a zura ta ƙasa. Idan ta mutu, iskar ciki ta ɓaci, ba mai shiga. Ran nan shugaban aiki ya ce ɓata lokaci ne. Na farko ya sauka, shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma shiru. Kakan Mushe ne ya bi su daga ƙarshe, shi ma bai fito da rai ba. Sanusi ya riƙe mini zane gam. Mushe ya rufe littafin ya ce, "Igiya ba ta jin tsoro, hwitila ba ta da iyali. Ku bari su hwara sauka."

An taɓa tambayarsa me ya sa yara yake rubuta wa. Ya ce, "Babba ya riga ya saba. Yaro na zai tare ubanshi bakin ƙohwa shi ce, Baba, kun zura hwitila?"

Ba a bar shi ya ci gaba ba. Alhaji mai kwangilar rijiyoyi, wanda a lokacin yake shugabantar iyayen yara, ya kai ƙara cewa labarin yana hana yara barci. Aka cire littafin daga aji. Ni dai na ce, gara yaro ya rasa barci da ya rasa uba. Mushe bai yi faɗa da kowa ba, ya koma karanta shi a ƙofar gidansa ga duk yaron da ya zo.

A wurin zaman makoki, muryar Alhajin nan ce ta fi ta kowa tashi. Daga cikin gida muna jin sa yana cewa garin ya yi rashin mai hangen nesa. Na ciji leɓe don darajar mamacin. Kafin ya sa takalmi ya kira Sanusi, wanda yake yi masa haƙa, ya ce gobe za a sauka rijiyar ƙauyen Rumbu. Sun kwana biyu suna kunna injin jan ruwa a cikin ramin, hayaƙi yana taruwa a ƙasa.

Da safe Sanusi ya tafi da fitilar gidanmu. Ya zura ta a gaban kowa, ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya ce, "Alhaji, ni ba ni shiga. Ku hidda injin, a bar ramin shi sha iska." Alhaji ya ce rago ne, ya sallame shi. Da ya dawo na rungume shi ina kuka, na ce, "Mushe ya hisshe ka yana cikin kabari." Ya ce, "Yaya, sun aika ƙauyen Mai Yara a kawo wani. Shi bai yi lakol wurin Mushe ba."

Allah ya jiƙan Mushe Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da kakansa a Aljanna. Allah ya ba Inna Hajo, mai ɗakinsa, da 'ya'yansa haƙurin rashi. Shi kuwa mutumin Mai Yara, ban san sunansa ba, amma an ce yana da yara ƙanana. Ya Allah, ka fito da shi da rai.