Ya Kaka da Mai Kimanta Gidaje

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban mai cuku a kasuwar Gure ya san Ya Kaka. In ma bai riƙe sunanta ba, to ya riƙe "albarka" ɗinta. Kafin ka rufe baki da tayi ta jefo maka ita, da murmushi kuwa, har ka ji kunyar kuɗin da ka ambata. Shekara talatin da ɗoriya tana sayar da cuku da man shanu da dabino, ba a taɓa jin ta sallama a tayin farko ba. Ko ka taya fiye da abin da take so, sai ta ce albarka tukuna, sannan a zauna a yi magana.

A wani ƙauye can gefen Kelle aka haife ta, gidan masu shanu. Barbarci ta tashi da shi, Hausa kuwa kasuwa ce ta koya mata. Aure ya kawo ta Gure. Mijin, Yahya, direban motar kaya ne, mutumin kirki, amma Allah ya jiƙansa, ko tubali ɗaya bai bari da sunansa ba. Bayan rasuwarsa gidan haya bakwai ta zaga da ƴaƴa uku. Wani mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, wani ya ce awakinta sun cinye masa danga, wani ma bai ce komai ba, ƙyaure kawai ya zo ya cire. Da dariya take ba da labarin nan, amma abin ya ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa.

Da kuɗin adashi ta sayi fili a bakin gari, inda rairayi ke haɗiye ƙafa har idon sawu. Mutane suka ce Ya Kaka ta sayi makwancin raƙuma. Ta bar su da bakinsu, ta kafa shingen ƙirare ta tare rairayin, ta fara gini. Shekara tara! Ta gama ɗaki ɗaya ta sa ɗan haya, hayar ta haifi na biyu, na biyu ya haifi na uku. Ita kanta tana bukkar zana a tsakar gida, ƴan haya na shigewa ɗakunanta suna rufo ƙofa. Ɗaki na huɗu shi ne nata. Gini ya kai, kwano kaɗai ya rage, kuɗinsa kuma jika ɗari da ashirin suna ƙulle a tsumma. Ta gaya wa kowa, har wanda bai tambaya ba, cewa daminar bana a ƙarƙashin kwano za ta ji ta.

Ana nan sai labari ya zo masu lampo, wato ma'aikatan haraji, za su zaga unguwa su kimanta gidajen haya, kowa a yanka masa harajinsa. Mushe Fadilu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke haya a ɗakin farko, ya zaunar da ita ya warware mata zance. Gidanta rabi da rabi ne, gaba bulon siminti, baya tubalin ƙasa da aka shafe. In aka rubuta shi gidan ƙasa, abin da za ta biya bai wuce kuɗin ƴar akuya ba. In kuwa aka rubuta na siminti, to kuɗin kwano sun tafi, ita da bukka sai baɗi. Ya ce ba ƙarya yake so ta yi ba, shiru kawai. Ta rantse har da dafa ƙirji. Kwana uku suna gwaji: shi ya zama mai lampo yana kushe gidan, ita tana cije leɓe tana kallon sama kamar mai jiran a cire mata ƙaya.

Ranar ta zo da hantsi. Wani saurayi mai suna Alhasan ya sauka daga babur, kayen rubutu a hammata, igiyar awo a hannu. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ta. Ya auna, ya ƙwanƙwasa bango, ya zaga baya ya ƙanƙare shafe da farce, ƙasa ta zubo. Sannan ya dubi tsohuwa, ya dubi bukkarta, tausayi ya kama shi.

"Inna, kada ki damu," in ji shi. "Wannan ai gidan ƙasa ne aka yi wa kwalliya, ba wani gida ba ne. A ƙaramin aji zan sa shi."

Mushe Fadilu ya sauke numfashi, har ya fara hamdala.

"Albarka," in ji Ya Kaka.

Wallahi ita ma ba ta san kalmar ta fito ba. Amma da ta fito, shi ke nan, an buɗe rumbu. Ta kama hannun rigar yaron nan ta ja shi. Ta tona gindin bango da hannunta ta nuna masa dutsen tushe. Ta ɗaga masa haɓa ya ga ƙarafan rufi da aka ɗauko mata tun daga Damagaram. Ta murɗa masa famfo, ta kai shi har makewayi ya ga daɓen siminti. Ta miƙa masa taɓarya ta ce ya doki bangon gaba da iya ƙarfinsa, in ya tsage ta ba shi gidan kyauta. Mushe Fadilu na gefe yana tarin ƙarya har ya koma na gaske, ko waiwayarsa ba ta yi ba.

Alhasan ya ce to a sa shi a aji na tsakiya. Ta sake cewa albarka. Kafin nan maƙwabta sun jeru a kan katanga, Balkisa mai ƙosai ta bar mai a wuta ta zo kallo, har da ƴar guɗarta. Tun da ake a unguwar ba a taɓa ganin wanda ya ja mai lampo da ciniki yana neman ƙari ba. Ya Kaka kuwa fuska sai sheƙi, ɗankwali ya zame, tana jin daɗin da ta fi shekara ba ta ji ba.

Daga ƙarshe yaron ya rufe kaye, ya rage murya.

"Inna, ni fa ba saye na zo yi ba. Duk abin da kika ƙara, ke za ki biya."

Ya Kaka ta dubi ɗakinta da ke buɗe ga sama, ta daɗe tana dubansa. Ta san lissafin sarai, ai ƴar kasuwa ce.

"Na sani, ɗana," ta ce. "Amma shekara tara na yi ina ɗora shi. Ba za a rubuta a takardar gwamnati, a ƙarƙashin sunana, cewa ba wani gida ba ne. Rubuta abin da ka gani."

Ya rubuta. Ta ce ta sallama.

Da takarda ta fito, da ƙafarta ta taka har biron masu lampo, wato ofishinsu, cikin zanenta na biki, ta kwance tsumman nan ta biya. A hanyar dawowa duk mai boko da ta gamu da shi sai ya tsaya ya karanta mata, ta sa ya maimaita wurin da aka ce siminti. Sati guda tana yi wa masu sayen cuku gyara, abin da ba a saba gani ba.

Ruwan farko ya sauko wata la'asar, da iska. Bukka ta yi yoyo ta ko'ina, katifa ta sha, gari ya jiƙe, ɗaki na huɗu ya cika kamar tafki. Ya Kaka ta tsaya a ƙofarsa ta yi kukanta, ba ta ɓoye ba, ta kuma tsine wa bakinta sau biyu da Barbarci. Mushe Fadilu ya leƙo daga busasshen ɗakinsa, haushi da tausayi sun haɗu masa, ya ce da ta yi shiru na minti biyar da yanzu tana ciki tana jin ruwa a kan kwano.

Ta matse bakin zanenta, ta share fuska.

"Jiƙewa kam na jiƙe, Mushe," ta ce. "Amma a gidan siminti na jiƙe."