Rabin Tsiron da Muka Niƙa a Dutse

Wata Laraba ce a watan Afrilu, shekarar da nake aji biyar a firamare, Mama ta dawo daga injin niƙa na cikin Kafanchan da daro a ka, tana murmushin wadda ta gama aikin yini guda tun rana ba ta take ba. Ta sauke shi a gindin mangwaron tsakar gida. Kaka, mahaifiyar Baba, ta jawo 'yar kujerarta, ta dangwali garin da yatsa ta kai baki. Sai atishawa, ta yi ta yi har hawaye suka zubo. Ashe busasshen barkono aka niƙa kafin layi ya zo kan Mama, mai injin kuma bai goge ba. Tsiron dawarmu na burukutu, wanda muka yi kwanaki muna lulluɓewa da ganyen ayaba, muna yayyafa masa ruwa har ya fito da farin gemu, ya koma yaji.

A lokacin Baba yana kwance da karaya, ya faɗo daga kan rufin ɗaki. Ruwan fari ya sauka, gonar cittarmu kuwa ko kunya ɗaya ba a tayar ba. Shi ya sa aka kira gayya ranar Asabar. A ƙauyenmu maza ba don ladan hannu suke zuwa gayya ba, tukunyar burukutu suke bi, kuma a wannan Asabar ɗin wani gida a ƙetaren rafi shi ma ya kira tasa. Inda giya ta fi, can garemani za su nufa. Citta kuwa in ta rasa ruwan fari, shekarar ta wuce mu.

Gardamar inji da dutse ta daɗe a gidanmu. Kaka takan ce, "Inji ƙona tsiro yake, ya mai da shi hoda. Dutse barzawa yake, ya bar maka dusar da za ta taya ka tata." Mama takan amsa, "Kaka, bayana ba na ƙarfe ba ne." Gaskiyarta ce kuma, ga jinyar Baba, ga goyo, ga ɗiban ruwa. Wannan karon ma Kaka ta yarda da inji ne don wuyan hannunta ya kumbura. Abin da ya cece mu shi ne daron bai iya cin tsiron duka ba, rabi yana nan shanye a kan tabarma.

Ni da yayata Rifkatu muka durƙusa gaban dutsen niƙa. A wancan lokacin ni ba ni da buri irin in samu hannu mai laushi kamar na 'yan matan cikin ƙananan littattafan soyayya da ake sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa, waɗanda nake ɓoyewa a cikin littafin lissafi. Ɗan dutsen nan bai san da wannan buri ba. Kaka na zaune a kanmu tana cewa, "Saratu, ba faɗa kike da shi ba, lallaɓa shi za ki yi." Sannu a hankali na gane nauyin jiki ake sakarwa, ba ƙarfin dantse ba, sai tsiron ya fara fashewa yana sakin wani ƙamshi kamar na zuma da sabuwar ƙasa. Tafin hannunmu ya yi bororo, ya fashe. Da rana ta karkata Mama ta kwance goyo, ta ture ni gefe ba tare da ta dubi Kaka ba, ta karɓi dutsen. Daga nan aka dama garin, aka dafa, aka bar shi ya yi tsami, aka tace, aka sake dafawa, Kaka ta zuba masa ragowar tsohuwar giya. Yammacin Juma'a na kara kunnena a jikin tukunyar, na ji tana raɗa.

Amma rabi dai rabi ne. Da safiyar Asabar Mama ta ɗauko garin nan mai barkono, ta daka citta, ta dama kunu cike da babbar tukunya. Can sai ga Tsoho Gambo, wanda maza kan tura ya ɗanɗana kafin su zaɓi gonar da za su je. Kaka ta miƙa masa ƙoƙon burukutu. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya fita ƙofar gida ya busa ƙahonsa. Har yau ina ganinsu suna gangarowa ta bakin layin dogo, garemani a kafaɗa suna walƙiya, suna waƙa, kamar mayaƙan da suka zo ɗaukar gimbiya. Kunun Mama ya riƙe su har azahar, suna sha suna hura baki suna neman ƙari. Burukutun kuma ba a sake taɓa shi ba sai da aka tayar da kunyar ƙarshe, ya zagaya kowa daidai, ko ɗigo bai saura ba. Baba yana kan tabarma yana dariya yana share ido. Wani saurayi mai suna Yohanna ya karɓi ƙoƙo daga hannun Rifkatu, ya tsaya yana kallon tafinta da ya saluɓe har ya manta da sha. Shi ne mijinta yanzu.

Da aka watse Kaka ta ce wa Mama, "Injinki ya iya kunu." Mama ta ce, "Dutsenki kuma ya iya cin hannun yara." Suka raba ƙanzon tukunya.

Yanzu ina Sabon Tasha, kowane lungu da injinsa yana ihu. Kwanan baya matar ɗan Rifkatu, mai dafa wa mutanen unguwa burukutu, ta tambaye ni ko ya dace ta riƙa niƙa tsironta da kanta. Na ce in bayanta zai ɗauka ta barza a gida, don ta san abin da ya shiga tukunyarta. Dutsenmu yana can ƙauye a gindin mangwaro, kaji na shan ruwan sama a cikinsa. Hannuna ya yi laushin da na roƙa, amma ƙamshin nan bai biyo ni ba.