Muryar da Otilia Ta Bari Aka Goge

Otilia Rotaru ta yi shekara goma sha tara tana aikin jinya a asibitin garinmu kafin ta koma karatu. Na koyar da ita tarihi tun tana yarinya, kuma har yau katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata.

Tana da shekara arba'in da biyu ta ƙudura zama mai ba da shawara ga masu damuwa a zuci. Ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ta ɗora da na biyu a birnin Cluj, tana bin jirgin ƙasa duk Juma'a da littattafai da burodi a jaka. Sannan cibiyar da ke horar da ita ta ce sai ita ma ta zauna a kujerar mai neman shawara har awa ɗari da hamsin. Mijinta Dorin, direban motar katako, ya sami abin tsokana.

"Shekara ashirin ina sauraronki, uwargida, yanzu kuma kin kai ƙarata wurin baƙuwa."

"Ai ita ba ta gyangyaɗi in ina magana," in ji Otilia.

A shekara ta tara abu ɗaya ya rage mata kafin lasisi: ta ɗauki muryar zama guda da wani mai zuwa wurinta, bisa yardarsa, malamai uku su saurara. Sau ɗaya suke zama a shekara, cikin watan Yuni.

Abin da ya biyo baya ba daga bakinta na ji ba, don ko sunan mai zuwa wurinta ba ta faɗa. Mai abin ne da kansa yake ba da labarin a kasuwa. Shi ne Tiberiu Oancea, dattijo mai kiwon zuma, wanda ya daina fita bayan rasuwar matarsa. Ya sa hannu a takardar yarda, aka ɗauki zaman, kuma a ranar ne ya fara ambaton sunan marigayiyar.

Saura kwana tara malamai su zauna, ya dawo wurinta da hula a hannu.

"'Yata, wannan muryar tawa, su wa za su ji ta?"

"Malamai uku, Baba. Ba za a ambaci sunanka ba."

"Na sani. Amma tun da na sa hannu na kasa sakewa. A tsohon mulki an kira yayana wani ofis, aka kunna masa muryarsa yana barkwanci a wurin biki. Aka tsare shi, shekara biyu ba mu gan shi ba."

Takardar yardar tana cikin aljihun teburinta da sa hannunsa, kuma ba ta da wani zaman da ta ɗauka in ba nasa ba. Ta ciro wayarta, ta nemo muryar, ta tura wayar gabansa.

"Ga wurin gogewa. Kai za ka danna da kanka."

Ya danna da yatsansa mai kaushi, sannan ya dube ta.

"To, ke fa?"

"Baɗi ma akwai watan Yuni, Baba. Yaya zumarka ta bana?"

Da Dorin ya ji babu jarrabawa, bai tambayi dalili ba. Ya ce kawai, "Jirgin nan dai ya kusa zama ɗan gidanmu." Ya ci gaba da kai ta tasha.

Da sanyi ya shigo, wata matashiyar malamar makaranta da ke zuwa wurinta ta yarda a ɗauki muryarta ba tare da ko ɗar ba. Otilia ta shiga gaban malamai a Yuni na gaba, ta ci, aka rubuta sunanta cikin masu lasisi tana da shekara hamsin da biyu.

Yanzu ɗakin aikinta yana saman shagon magani. A bakin ƙofa, ta waje, akwai ɗan kwando inda take ajiye wayarta a kan idon mai shigowa. Yawancin masu hawa matakalar tsararrakina ne, mutanen da a da ba sa gaya wa ko likita abin da ke ransu. Tiberiu ne yake turo su daga teburin zumarsa.

"Je ka wurin yarinyar nan," yakan ce. "Na gwada ta."