Matar da Take Goge Takalmin Wanda Ba Ya Tafiya

Da sassafe take fita, kafin masu shaguna su buɗe. Jaka ɗaya ce a hannunta, baƙa, maratayinta ya tsinke an ɗinke. A ciki akwai kwalbar man shafawa, da tawul, da sabulu, da ƙwallon roba irin na yara, da burushin goge takalmi. Ba ta da farar riga, ba ta da takardar shaida. A ƙaramin asibitin ikkilisiyarmu mai taimako ake kiranta, aikinta bin gidajen waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Mu kuwa Mama Mai Takalmi muke ce mata. A watan nan ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun ƙi. Ni magini ne, ba na yabon mutum da arha. Amma na ga za a bar ta ta koma gida shiru kamar ba ta yi kome ba, ban yarda ba.

In ta shiga gida, ba ta farawa da doguwar addu'a. Takan gaishe da majinyaci, ta buɗe taga, ta duba bayansa ko kwanciya ta fara cin fata. Ta juya shi, ta wanke shi, ta shafa mai. Sai ta ɗauki ƙafar da ta mutu, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta sake lanƙwasawa. Ta bi yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya tana buɗe su. Ta sa masa ƙwallon a tafi ta ce ya matse, ko da ba ya jin akwai wani abu a hannun. Bayan duk wannan sai ta tambaya ina takalminsa. A wasu gidajen an riga an tura shi ƙarƙashin gado, ya yi ƙura. A wasu an ba wani ƙane. Takan sa a nemo. Ta goge shi tas, ta ajiye a bakin gado, yana fuskantar ƙofa. Sa'an nan ta yi addu'a, gajeriya, ta ɗauki jakarta sai gida na gaba.

Sunan nan da ba'a ya fara. Mijinta direban babbar mota ne, abokina. Wata rana ya sauko daga mota ya faɗi, bai ƙara tsayawa ba. Likita ya ce mata mai yiwuwa ƙarfin ya dawo, mai yiwuwa kuma kada ya dawo, amma in aka bar gaɓoɓin ba motsi za su sandare, ko ƙarfin ya dawo ba zai sami hanya ba. Ya nuna mata yadda ake yi. Ta riƙe.

A makonnin farko gidan ba wurin sa ƙafa. 'Yan'uwa daga majami'a suka cika ɗaki da waƙa da addu'a. Wasu masu zafin bangaskiya suka kama shi ta hammata suka ɗaga, suka ce ya taka cikin sunan Yesu, suka sake shi. Ya zube. Sun yi da zuciya ɗaya, na sani. Amma daga ranar ƙafar masu zuwa ta fara ɗaukewa. Mu mutane ne masu son Ubangiji ya amsa muna tsaye a wurin. In bai amsa ba, sai kunya ta kama mu, mu daina zuwa. Har aka fara raɗe-raɗin ko bangaskiyar gidan ce ta gaza.

Ita ba ta daina ba. Ta rufe teburin da take sayar da kayan miya a kasuwa, ta zauna da shi. Kowace safiya ta juya shi, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta fito bakin ƙofa da takalminsa tana gogewa. Maƙwabciyarta takan leƙo ta ce, "Mama, yau kuma ina Direba zai yi lodi?"

Ita kuma ta ce, "Ki shirya dai. In ya tashi ke zai fara ɗauka, amma a baya, tare da awaki."

Shekaru suka wuce a haka. 'Ya'yansu suka girma a haka. Direba bai tashi ba. Ya rasu a kan gadon nan. Ina cikin waɗanda suka shirya jikinsa, kuma na shaida: babu gyambo ko ɗaya a bayansa, gwiwarsa na lanƙwasuwa kamar ta mai barci. Bayan an watse, ta same ni a tsakar gida ta ce, "Yaya, shekarun nan duka na mene ne?" Na ce mata ban sani ba. Ba na faɗin abin da ban sani ba.

Ta daɗe a gida ba ta fita sai sujada. Sai uwar wani maƙwabci ta faɗi, aka rasa wanda ya iya juya ta ba tare da an ji mata ciwo ba. Aka tuna da Mama. Daga wannan gida sai wani, daga wani sai wani, har asibitin ikkilisiya ya ɗauke ta aiki.

Sauran ba labari aka ba ni ba, a gidana aka yi.

Ɗana na biyu tela ne, mai mata da 'ya'ya ƙanana. Yana kan keken ɗinki abin ya same shi, ɓarin dama. Da aka sallamo shi daga asibiti, aka yi yadda aka saba: ɗaki ya cika, aka yi waƙa, aka yi addu'a, sannu a hankali ɗaki ya koma wayam. Likita ya faɗa mana abin da aka faɗa wa Mama a da, cewa in ba a motsa gaɓoɓin ba za su kulle, kuma ba a daɗewa. Amma yaron ya juya fuska bango. Ba ya yarda a taɓa shi. Abinci sai an yi da gaske. Ya ce wa matarsa ta nemi mai sayen keken, shi ya gama. Ina ganin yatsunsa sun fara dunƙulewa. Na yi masa faɗa, bai ko juyo ba. Surukata ce ta je ta kira Mama.

Ina tsaye a bakin ƙofa da ta shiga.

"Tela, ina kwana?"

Shiru.

"Af, har da bakin? An ce mini hannu da ƙafa ne kawai."

"Mama, ki tafi," in ji shi. Maganar tana fita a karkace.

"Zan tafi, ina da gidaje a gaba. Ina takalminka?"

"Takalmin me? Kin goge na mijinki har ya mutu, bai sa ba."

Na taka zan shiga, ta ɗaga mini hannu ba ta ko waiwayo ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da kansa.

"Gaskiya ka faɗa, ɗana. Bai sa ba. Na roƙi Ubangiji ya tashe shi, bai tashe shi ba, har yau kuma bai gaya mini dalili ba. Amma a jikin mijina na koyi yadda zan riƙe wannan ƙafar taka. Da ya tashi a watan farko, da yanzu ina kasuwa ina rigima a kan tumatir, kai kuma kana nan kana ruɓewa. Ban ce don kai aka kwantar da shi ba. Wannan ban sani ba, ni ba sakatariyar Allah ba ce. Abin da na gani kawai, bai zubar da shekarun nan ba."

Sai ya ce, "In ban tashi ba fa?"

"In ba ka tashi ba, ka kwanta da jiki mai tsabta. In kuma ranar ta zo, kada ta same ka a sandare. Tashin na Ubangiji ne, gwiwar tamu ce. Kawo ƙafar."

Bai kawo ba. Ita ta ɗauka. Amma bai hana ta ba, wannan kuwa shi ne karo na farko.

Kafin ta fita ta ce wa surukata, "Keken nan, duk wanda ya zo saye ki ce masa mai shi yana hutu." Ta sa aka ɗauko shi daga shago aka ajiye a ɗakin, inda zai riƙa ganinsa. Ta ce a riƙa sa masa mai, a riƙa share ƙura. Takalmi a bakin gado, keke a gefen taga.

Aka daɗe ba a ga kome ba. Damina ta zo ta wuce. Akwai ranakun da zai yi ta kuka, akwai ranakun da zai yi ta zagi. Ran nan ya wurga mata ƙwallon, ya same ta a kafaɗa. Ta ɗauka ta duba ta ce, "Da wane hannu ka jefa? Hagu? Bai shiga lissafi ba. Ranar da ka jefe ni da dama, zan yi rawa a tsakar gidan babanka, ko ya so ko ya ƙi." Yaron ya yi dariya, rabin baki. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

Da ya iya zama, ta cire bel ɗin keken don kada allura ta motsa, ta zaunar da shi a gaba. Ta ɗora ƙafar hagu a kan feda, ta ɗora ta dama a gefenta, ta ce ya taka. Mai rai tana ja, matacciya tana bi. Keke yana ta ƙara, ba ya ɗinka kome. Ya ce, "Mama, wannan ai aikin banza ne." Ta ce, "Ni na fi ka sanin aikin banza. Taka."

Wata safiya ta zare ƙafar hagun daga kan feda ba ta gaya masa ba. Feda ta yi ƙasa, ta dawo sama. Kaɗan ne, amma ta motsa. Surukata ta toshe baki, za ta ruga ta kira mutane. Mama ta ce, "Zauna. Ba taro ya tashe shi ba. Ku gode wa Ubangiji a nan, gobe mu ci gaba." Ni na fita waje, don ba na son a ga fuskata.

Ranar da ya miƙe, takalmin yana nan inda take ajiye shi kullum, a goge. Ba a yi ta neman ɗaya ƙafar takalmin a ƙarƙashin gado ba. Ta durƙusa ta sa masa, ta ba shi sanda, ya kai bakin ƙofa.

Ba zan ƙara gishiri ba. Ɗana bai koma yadda yake ba. Yana jan ƙafa. Hannun dama ba ya riƙe almakashi, matarsa ce take yanka, shi ya ɗinka. Amma shagon a buɗe yake, 'ya'yansa suna ci daga hannunsa. Kuma ba duk wanda Mama ta yi jinya ne ya tashi ba. Da yawa sun tafi a kwance kamar Direba. Nasu takalman ma ta goge su har ranar ƙarshe, ba ta rage hannu ba.

Mama, ke ce kika zauna lokacin da masu waƙa suka tashi. Ke ce kika roƙi abu ɗaya aka hana ki, ba ki yi wa Ubangiji ƙarya cewa bai yi miki zafi ba, ba ki kuma juya masa baya ba. Kin tambaye ni shekarun nan na mene ne, na ce ban sani ba. Har yanzu ban san duka ba. Amma wani yanki na amsar yana wucewa ta ƙofar gidana kowace safiya da sanda, zai je buɗe shago. Mai jira da hannu a kan aiki, na gaishe ki.

Yanzu ita ce a kwance. Za a yi mata aiki a gwiwa a babban asibiti, an sa rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa. Majinyaciya ce mai wuyar sha'ani, ba ta son a yi mata kome. Makon jiya na je gaishe ta da safe, na tarar da ɗana ya riga ni. Yana zaune a kan 'yar kujera, ya matse takalminta tsakanin gwiwoyi, burushi a hannun hagu.

"Tela, ka bar wannan shirmen," in ji ta. "Ina za ni?"

"Ban sani ba, Mama. Ni ba sakataren Allah ba ne."

"Ji ɗan banza! Kuma na roba ne, ba a sa masa baƙin mai, za ka ɓata mini zane."

Bai kula ta ba. Ya gama, ya sunkuya da ƙyar ya ajiye shi a bakin gado, yana fuskantar ƙofa. Sai ya matso da kujerar ya ce, "Kawo ƙafar." Ta harare shi, ta harare ni. Sa'an nan ta miƙa.

Na gode, Mama, a madadin gidana da gidajen da ba su iya faɗa ba. Ubangiji ya kawo ranar miƙewarki, ya same ki a shirye.

Ku kuma 'yan'uwa, ban hana ku waƙa da addu'a a makon farko ba. Ku je. Amma ku koma bayan taro ya watse, lokacin da ɗaki ya yi shiru kuma amsa ba ta zo ba. Ku koyi juya mutum. Ku koyi riƙe ƙafa. Jakarta tana rataye a asibitin ikkilisiya, ba wanda ya ɗauka tukuna, kuma a unguwar nan akwai takalma a ƙarƙashin gado suna cin ƙura.